Babanka da Sitiyari, Ni da Giya

Jibiya, unguwar bakin iyaka.

Zuwa ga Mai Sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, babanka yana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Allah ya sa takardar nan ta riske ka a Kaduna kafin jirgin ƙasan Fatakwal ya ɗauke ka, ya sa ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mun ji ka gama makarantar koyon sana'a, masu haƙar mai sun ɗauke ka aiki. Allah ya sa albarka, ya tsare ka a hanya, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba.

Ka san ba na iya zama da kai in yi doguwar magana. Ɗan fari ne kai, ko sunanka ban taɓa kamawa ba. To bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci ya yi mani rana yau, don abin da baki ke jin nauyinsa, fensir ba ruwansa.

Direban da ka aiko ya kawo saƙonka, cewa in albashi ya fara shigowa za ka saya mana sabuwar mota irin wadda kowa ke saye yanzu, tsohuwar kuma a ba maƙera. Allah ya yi maka albarka da wannan niyya. Amma ka makara, ɗana. Tsohuwar tamu, 'Yar Maraɗi, ta tashi! Ina rubutun nan ƙamshin fetur bai gama fita daga zanina ba. Da Sallar bara ka gan ta bisa duwatsu, ba taya, cikinta a waje, na ga ka kau da kai don kada mu ga tausayi a idonka. Wannan motar ce dai ta kai mu Riko ta dawo da mu. Ba a banza muka kai nan ba, na tafka kurakurai, kuma su nake so ka tafi da su a madadin guzuri. Ƙuli-ƙulin da na haɗo maka zai ƙare kafin ka wuce Inugu.

Kana yaro lokacin da babanka ya sayo ta a Maraɗi, wajen wani direba da ya gaje ta daga Bafaranshen da ya yi wa aiki. Baƙa, doguwa, cikinta kusa da ƙasa, ƙofofin gaba suna buɗewa ta baya-baya. Da ita ya yi jigilar 'yan kasuwa tsakanin Jibiya da Maraɗi, da ita ya ciyar da mu. Sai ranar nan ta zo da ya faɗi a tasha, ɓarin damansa ya shanye. A hankali harshe ya dawo, ƙafa ta dawo, hannu ya ƙi. Abokansa suka turo motar ta ƙofar baya da ake shigo da amalanke, suka aje ta gindin darbejiya.

Nan na yi kuskuren farko. Na lura in aka shimfiɗa mashi tabarma a tsakar gida, ita yake kallo. Na ce a raina ganinta ke ƙara mashi ciwo. Ban tambaye shi ba, na sa aka lulluɓe ta da zana, na jibga mata kara da tsofaffin tukwane, kaji suka mai da ita ɗakin ƙwai. Zanar ta riƙa shan ruwan sama tana riƙe laima jikin ƙarfe, damina bayan damina, tsatsa na ci ban sani ba. Shi kuwa ya daina fitowa tsakar gida sam. Na ɗauka jikin ne. Wata rana maƙera suka yi sallama, suna son ƙarfenta su ƙera fartanyu. Ina tsaye bayan zaure har na fara cewa to, sai na ji muryar babanka daga ɗaki.

"In za ku ɗauka, ku haɗa da ni. Ai duk tsohon ƙarfe ne."

Na ba maƙera haƙuri, na koma na yaye zanar nan da hannuna, ƙadangaru da kaji suna ta gudu. Na shiga na durƙusa gabansa, na tambaye shi in ya riƙa gaya mani abin da zan yi, ko zan iya. Ya ce hannunsa ne ya tafi, kansa bai tafi ba. Washegari da kansa ya ja tabarma zuwa gindin darbejiya.

Saboda haka, in za ka yi wa mutum alheri, fara tambayarsa abin da yake so. Za ka tarar da mutane a can, wani ba shi da lafiya, wani aiki ya ƙi shi. Kada ka yanke wa kowa hukuncin cewa tasa ta ƙare. Tausayin da ba a yi shawara da mai shi ba, wani lokaci ya fi rashin tausayi ciwo.

Daga nan aiki ya kankama, shi da baki, ni da hannu. Da safe in soya ƙuli-ƙulina in sallami masu sayen man gyaɗa, da hantsi in ɗaura tsohon zani in shiga ƙarƙashin mota. Na koyi sufana da lambobinta, na san noti daga wasa, ɗan faifan ƙarfen da ake sawa ƙarƙashinsa, na san batir ba ya son a aje shi a ƙasa. Sai kaina ya fara girma. Ranar da aka kai babanka asibitin Katsina gashin hannu, na ce bari in ba shi mamaki. Na kwance kafireto, wato ɗan ƙarfen nan da ke haɗa wa inji fetur da iska, na wargaza shi ɗai-ɗai, na zuba komai a ƙwarya guda. Na samo toka da soso da ruwa na dirje shi tas, kamar yadda nake wa tukunyar miya, na shanya a rana. Ya dawo ya tarar da ni ina murmushi. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni, ya tambayi inda wata 'yar allura take da wani ɗan sifirin da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Na watsar da ruwan wankin a tsakar gida, sun bi shi.

Da rariya na tankaɗe ƙasar tsakar gidan nan, daga bakin madafa har bakin rijiya. Matan maƙwabta suna leƙowa suna tambaya ko zinariya ta faɗi. Allurar ta fito. Sifirin kuwa har yau ina zargin jan zakaran nan. Babanka bai yi faɗa ba, ya dai sa na sake wanke komai da kananzir, ya koya mani in na kwance abu in jera shi bisa faifai yadda ya fito, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe.

Kai ma da takardarka za ka shiga cikin manyan injuna, kuma zuciya za ta ce maka ka nuna masu ka iya. Kada ka taɓa abin da ba a nuna maka ba don neman yabo. Nawa kuskuren ɗan sifirin ya ci. Naka, a wurin da mai da wuta ke maƙwabtaka, rai zai iya ci. Ka ce ban sani ba, a koya mani. Ba a taɓa korar mutum don wannan kalma ba.

Na uku shi ne wanda har yanzu in aka tuna sai an yi dariya a gidan nan. Muna bukatar fulogi, irin nata kuma babu a Katsina, sai Maraɗi. Babanka ya ce can ba su san fulogi ba, buji suke cewa, da bakin Faransa. Goggonka Rabi tana ƙetarawa duk mako da atamfofinta, sai na ba ta saƙo da baki: buji guda huɗu, masu kyau. Ta dawo da la'asar tana haki, ta ce ta samo mana masu kyau ƙwarai, har mai kantin ya yi mata gyara. Ta kwance ƙulli, sai ga kyandir farare. Ashe a can kyandir ma buji ne. Babanka ya yi dariya har ya kwanta bisa tabarma, hawaye na zuba. Tun da ya faɗi a tasha ban ji wannan dariyar ba. Goggonka ta yi fushi, ta ce ita ba bakanike ba ce, abin da aka ce ta tambayo shi ta tambayo, kuma gaskiyarta.

Mako na gaba na ƙulle tsohon fulogin a haɓar mayafina, na bi ta da kaina. A shingen duwan, wato kwastan ɗin can, suka tambayi abin da na ƙulle, na kwance masu, suka yi ta kallona. A bayan kasuwar Maraɗi muka sami wani tsoho zaune cikin gawarwakin motoci. Yana ganin abin hannuna ya faɗi irin motar, har ya ce ya san mai ita, direban nan na Jibiya mai yawan oda. Ya tambayi lafiyarsa. Ya tono mani fulogin, ya haɗa mani da ɗan sifirin ɗin da zakara ya haɗiye, ya ce in gaya wa maigida yana nan yana jiran jin odarsa.

Za ka ƙasar da ba a jin Hausa. Abin da ya dame ka kada ka aika shi a bakin wani, ka je da ƙafarka, in da hali ka riƙe abin a hannu. Ka koyi gaisuwarsu tun makon farko. In ka faɗi kalma suka yi dariya, taya su, dariyar ce za ta buɗe maka ƙofa.

Sai maganar tsatsa. Tanko mai walda ya zo ya toshe ramukan ƙasan motar, waɗanda kaza ke shiga ta nan ta fita ta can. Da zai tafi ya gaya mani in goge jikin da samfefa har sai farin ƙarfe ya bayyana, ko'ina, musamman ƙasan ƙofofi, kafin fenti ya taɓa ta. Na goga, na goga, har yatsuna suka daina jin zafin kaskon suya. A lokacin ne gwamnati ta biya ma'aikata ariyas ɗin ƙarin albashi, Jibiya ta cika da sababbin babura da motoci, ko'ina ƙyalli, ko'ina rediyo. Matan da ke zuwa sayen mai su dubi motarmu ja-ja-ja kamar mai ƙazuwa, su ce sannu da fama. Abin ya ci mani rai. Na ce wa babanka na gama, shi kuma ba ya iya sunkuyawa ya duba ƙasan ƙofa. Na shafa baƙin fenti na bi da wani. Ta yi kyau, kana ganin fuskarka a jikinta. Ruwan farko na sauka, ƙasan ƙofofin ya fara kumbura ƙuraje-ƙuraje. Na danna ɗaya da yatsa, ya fashe, jan gari ya zubo. Na sake kankarewa daga farko, yanzu ga tsatsa ga fenti, wahala biyu.

Zamanin nan na ƙyalli ne, kuɗi sun zo wa ƙasar nan kamar ruwan Agusta. Za ka ga sa'o'inka da agogo da takalma masu tsini tun watan farko. Ban hana ka sa kaya masu kyau ba, saurayi ne kai. Amma aikin da aka ba ka, ka gyara inda mai dubawa ba zai sunkuya ya gani ba. Abokin da za ka riƙe ma kada ka zaɓe shi ranar biyan albashi, bari sai wata ya yi nisa.

Wanda ya fi yi mani zafi shi ne na sufana. Muna mayar da kan inji, akwai notuna da ake ɗaurewa bi da bi. Babanka ya ce a ba shi ya ɗaure ɗaya da hannun hagu. Ya kama, sufana ta zame ta faɗi. Na miƙa mashi, ta sake faɗuwa. Rana na yi, ga gyaɗa na jirana a kasko. Ban san lokacin da na karɓe ta daga hannunsa ba, na ce kawo in yi mu huta. Na ɗaure cikin ƙiftawar ido. Da na ɗago, ya riga ya juya ya nufi ɗaki yana jan ƙafa. Kwanaki bai fito gindin darbejiya ba. Abinci in kai in ɗauko kusan yadda na kai. Na tsaya gaban motar nan, na ga in ba shi a tabarmar, ba abin da nake gyarawa.

Na je na kwance notin da na ɗaure. Na shiga ɗaki na aje sufanar gefensa, na ce akwai noti guda da ke jiran mai shi, kuma ba wanda zai taɓa shi ko da za a shekara. Na roƙi gafara. Na fito na bar mashi ita. Da la'asar ya fito. Na zauna nesa ina ɓarar gyaɗa, na hana idona kallonsa, ina dai jin sufana na faɗuwa yana ɗauka. Rana ta kusa faɗuwa ya kira ni, goshinsa duk zufa, ya ce in zo in gwada ko zai motsa. Na sa ƙarfina duka, ko gezau. Daga ranar notunan sama nasa ne, na ƙasa nawa.

Kai mai hanzari ne tun kana ƙarami, irina ka yi. In Allah ya ɗaga ka aka sa wasu ƙarƙashinka, ko ka yi iyali, za ka ga mai nawa yana fama da abin da kai za ka gama nan take. Riƙe hannunka. Wani lokaci ba aikin yake yi ba, kansa yake gwadawa.

To, ranar tashi. Tanko ya kawo batir da aka yi wa caji, muka zuba fetur da baƙin mai, muka cika lagireto da ruwan rijiya. Babanka ya shiga ya zauna bayan sitiyari. Tanko ya zura ƙarfen murɗawa ta gaba ya juya. Ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ta yi atishawa, bututun hayaƙinta ya tofo sheƙar ɓera da baƙin hayaƙi. A na gaba ta kama. Ƙarar nan da na sani tun kana yaro ta cika gidan, ganyen darbejiya na rawa, awaki na tsinka igiya, yaran unguwa bisa katanga. Goggonka ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa murna ta ɗebe ni, na faɗa kujerar gefensa na ce mu ɗan matsa da ita ko taku biyar ne. Ya taka kuloci, na tura giya inda ya nuna mani, ta tafi. Ya taka birki, ƙafarsa ta nutse har ƙasa, ba komai. Duk watannin nan hankalinmu na kan abin da zai tayar da ita, birkin muna cewa sai an zo wurin. A hankali, kamar mai zuwa gaisuwa, ta je ta dafa rumbun gero. Rumbu ya tsage, gero ya zubo bisa murfin inji. Allah ya kiyaye ba kowa a wurin. Fitila guda ta fashe, kuma ni na jawo, don ni na ce a matsa.

Wannan gargaɗin gajere ne. Albashi zai tashi da kai da ƙarfi. Tun kafin ya zo ka san inda za ka tsaya, a kashewa, a yawo, a fushi. Ka riƙe salla, ita ce za ta riƙe ka.

Mun gyara birki, mun ɗaure rumbu. Akwai abin da ban gaya maka ba. Sitiyarinta a hagu yake, irin na ƙasar Faransa. Da can direbobin Katsina suna yi wa babanka tsiya da shi, sai ga shi tana kwance gindin darbejiya ƙasar nan ta sauya hannun tuƙi, yanzu ita ce daidai da hanya. Amma sandar giya tana damansa, wajen hannun da ya ƙi. Na yi ta tunanin wa za mu ɗauka ya riƙa tuƙa shi. Ya ce ba wanda za a ɗauka. Shi da sitiyari da ƙafafu, ni da giya.

Jiya da hantsi muka buɗe ƙofar baya muka fita. Na yafa mayafina na Salla, shi ya sa farar riga da hular da ya daɗe bai taɓa ba. In ya taka kuloci ya ce "ɗaya" ko "biyu", ni in tura. Da farko tana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, kafin mu kai tasha hannuna ya gane ƙafarsa. Direbobi suka taso daga benci, wani ya bar shayinsa, suna bin mu suna kiran sunansa. Ya danna odar nan tasa. A shingen iyaka ma'aikata suka fito suna leƙe, babbansu ya tambaya cikin raha wane ne direban a cikinmu, don ya san wanda zai tambaya lasin. Babanka ya ce a rubuta duka biyu. Na san za a yi magana a gari, mace a gaban mota hannunta a giya. An fara ma. Ban damu ba, mijina nake taya tafiya.

Muka juya muka ɗauki hanyar Riko. Gero ya yi kai, iska na shigowa ta taga. Giyarta uku ce, kuma duk gwajin da muka yi a gida da cikin gari ba mu taɓa wuce ta biyu ba, ni tsoro, shi kuma ban san dalilinsa ba. Da muka bar gidajen ƙarshe hanya ta miƙe, inji ya fara kuka yana neman ƙari. Na dube shi. Hannunsa na hagu riƙe da sitiyari gam, idonsa na kan hanya, fuskarsa irin ta mutumin da na aura. Ya taka kuloci.

"Sa mana ta uku," in ji shi.

Na sa. Ta miƙe kamar an kwance mata dabaibayi. Ban san lokacin da na fara kuka ba, shi kuma yana ta dariya yana cewa in riƙe mayafina kada iska ta kai shi Nijar.

Don haka ka bar batun sabuwar mota, ka tattala abinka, gaba na nan. In ka sami hutu ka aiko da rana, mu za mu zo tashar Katsina mu ɗauke ka. Kujerar baya taka ce, ta gaba tana da mai ita.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin ruwa da wuta da ƙarfe, da sharrin mutum da na zuciyarka. Ya sa ka ci halal, ya sa ka gama da mu lafiya, ya dawo mana da kai cikin mutunci. Na yafe maka duniya da lahira, babanka ma haka. Ka riƙa aiko da takarda ko layi biyu ne.

Wassalam.

Ni ce,
Innarka.